Matakan Ƙare Dangi: Muhimman Kalmomi Kan Zaluncin da Aka Yi wa Yahudawa a Yaƙin Hitila

Laccar da aka gabatar ga matasa da ɗalibai a Limancin Kona, cikin ganuwar birnin Zariya



Ina farawa da sunan Allah, ina salati ga Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi.  Tsayuwa a yi magana a Limancin Kona abu ne mai nauyi. Unguwa ce da aka san ta da karatu tun kaka da kakanni, Limaminta kuma yana cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. A irin wannan wuri ba a kawo zance sai da hujja, don haka zan tsaya a kan abin da tarihi ya tabbatar.

Tsakanin 1933 da 1945 gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da masu taya ta sun kashe Yahudawa kimanin miliyan 6, a cikinsu akwai yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Cikin kowane Bayahude uku na Turai, biyu sun halaka. Duniya na kiran wannan abu Holokos, su Yahudawa suna ce masa Showa, mu kuma mukan ce kisan kiyashi. Abin da nake so mu fita da shi daga zauren nan shi ne wannan kisa hawa-hawa ya zo. Kowane mataki yana da sunansa, da dokarsa, da ma'aikatan da suka zauna a ofis suka aiwatar da shi. Wanda ya san matakan zai gane su tun suna ƙanana, a ko'ina suka ɓullo, a kan kowa suka ɓullo.

Yaƙin bai yi nisa da mu ba

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya, Malam Abubakar Imam na editanta. A watan Satumba na shekarar Jamus ta afka wa Folan, yaƙi ya ɓarke, kuma ta wannan jarida mutanenmu da yawa suka riƙa bin labarinsa. An ɗebi samarinmu soja, sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, daga baya aka kai su Bama. Jiragen yaƙin Ingila da ake haɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi su isa Masar. Daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Daga 1940 zuwa 1942 kuwa, da ka wuce Katsina ka shiga Maraɗi, ka shiga ƙasar da ke bin gwamnatin Faransa mai yi wa Hitila biyayya. Kakanninmu sun ba da gumi da jini a wannan yaƙi, muna da haƙƙin sanin abin da aka yi a cikinsa.

Bayahude, Yahudanci da Sahayoniyanci

Na san abin da ke zukatan mutane da yawa a nan: Falasɗinu. Yana cikin tawa zuciyar. Shi ya sa za mu fara da rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Yahudanci addini ne, mabiyansa Ahlul Kitabi ne a wurinmu. Bayahude mutum ne da ya fito daga wannan al'umma, ko yana ibada ko ba ya yi. Sahayoniyanci kuwa aƙidar siyasa ce ta kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, wadda Theodor Herzl ya haɗa babban taronta na farko a Basel a 1897. An kafa Isra'ila a 1948, aka raba Falasɗinawa fiye da 700,000 da gidajensu. Wannan zalunci ne, kuma muna faɗinsa da babbar murya. Amma jaririn da aka harbe a bakin rami a Yukren a 1941 bai kori kowa daga gida ba, an kashe shi shekaru bakwai kafin a kafa ƙasar. Addininmu bai yarda a ɗora wa wani laifin wani ba, kuma ya hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci. Da wannan ma'auni za mu bi sauran bayanin.

Ƙin jinin Yahudawa

Wannan ƙiyayya ta daɗe a Turai. An kore su daga Ingila a 1290, daga Andalus a 1492, inda da yawansu suka sami mafaka a Maroko da Daular Usmaniyya ta Sarki Bayazid na Biyu. An riƙa yi musu ƙazafin sa guba a rijiyoyi da yanka yaran Kirista. Mu ma tarihinmu ya taɓo batun. A wajejen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi al-Maghili, kafin zuwansa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi fatawar rushe majami'ar Yahudawa a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, ya tsaya a kan cewa suna da amana. Aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, suka yi saɓani, daga ƙarshe aka rushe majami'ar aka tarwatsa al'ummar. Ɗalibin ilimi ya kamata ya san ɓangarorin biyu.

A ƙarni na 19 ƙiyayyar ta sake kama a Turai, ta tashi daga addini ta koma jini. Wani ɗan jarida Bajamushe, Wilhelm Marr, ya kafa ƙungiyar masu ƙin Yahudawa a 1879. Masu wannan ra'ayi suka ce 'yan Adam hawa-hawa ne, Jamusawa da danginsu, waɗanda suka laƙaba wa suna Ariyawa, su ne a sama, baƙar fata a ƙasa, Bayahude kuwa cuta ce a jikin al'umma. A da, wanda ya sake addini yakan tsira. A sabon tsarin ba mafita, tunda ba mai iya sake kakanninsa. Edith Stein ta bar Yahudanci ta zama Kirista, har ta shiga zuhudun coci, amma a Agustan 1942 aka kashe ta a matsayin Bayahudiya.

Farfaganda

Lokacin da Hitila ya hau mulki ranar 30 ga Janairun 1933, Yahudawan Jamus kimanin 500,000 ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Wajen 100,000 daga cikinsu sun yi wa Jamus soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 12,000 suka mutu a fagen fama. Duk da haka aka ce su ne suka ci amanar ƙasa har aka ci ta da yaƙi, su ne suka jawo tsadar rayuwa da rashin aiki, su ne 'yan gurguzu, su ne kuma masu bankuna. Joseph Goebbels aka ba ma'aikatar farfaganda. Ya sa aka ƙera rediyo mai araha don muryar gwamnati ta shiga kowane ɗaki. Jaridar Julius Streicher ta riƙa zana Bayahude da siffar ɓera da maciji da gizo-gizo, ana manna ta a allunan bakin titi inda yara ke wucewa zuwa makaranta.

Akwai wani littafi da suka dogara da shi ƙwarai, wanda ake cewa wai bayanan taron sirrin dattawan Sahayoniya ne na mallake duniya. A Rasha aka fara buga shi a 1903. A 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna cewa ƙirƙirarsa aka yi, an kwafo sassansa daga wani littafin Faransanci da ke sukar Sarki Napoleon na Uku, wanda ko Yahudawa bai ambata ba. Har yau fassararsa na yawo a kasuwannin littattafai da wayoyinmu. Mutanen da suka gaji ilimin tantance ruwaya bai kamata su karɓi irin wannan ba.

Dokokin Nurembag

Bayan magana sai doka. Ranar 1 ga Afrilun 1933 aka tsayar da 'yan bangar jam'iyya a ƙofar kantunan Yahudawa suna hana ciniki. Bayan kwana shida aka yi dokar korarsu daga aikin gwamnati. Ranar 15 ga Satumban 1935, a birnin Nurembag, aka yi dokoki biyu: ɗaya ta cire su daga zama cikakkun 'yan ƙasa, ɗayar ta haramta aure tsakaninsu da Jamusawa. Sai aka tsaya a kan tambayar wane ne Bayahude. Amsar da aka bayar ita ce a ƙirga kakanni huɗu. Mai kaka uku ko huɗu Yahudawa, Bayahude ne. Mai ɗaya ko biyu, ruwa-biyu ne, shi ma da nasa hukunci.

Ku dubi yadda abin yake a aikace. Malamin makaranta na son ya ci gaba da aikinsa, sai ya tafi cocin ƙauyensu, a buɗe tsohon kundin baftisma, a nemo sunan kakarsa da ta rasu tun kafin a haife shi, a ba shi takarda mai hatimi. Abin da wani magatakarda ya rubuta shekaru tamanin da suka wuce shi zai yanke masa hukuncin aiki da aure, daga baya har da rai. A Oktoban 1938 aka buga wa fasfo ɗin Yahudawa jan harafin J. Daga Janairun 1939 aka tilasta wa mazansu ƙara Isra'ila a sunansu, mata kuma Saratu. A Satumban 1941 aka wajabta wa duk wanda ya kai shekara shida ɗinka tauraro ruwan ɗorawa a ƙirjin rigarsa.

Ƙwace dukiya da Daren Fasa Gilasai

Akwai abin da suka kira mayar da dukiya hannun Ariyawa. Ana matsa wa Bayahude ya sayar da kantinsa ko masana'antarsa da arha ɓagas, maƙwabci ko abokin gasarsa ya saye. Wannan mataki ya fi yadda ake zato muhimmanci, domin duk wanda ya ci gidan wani ko kujerar aikinsa ba zai so mai abu ya dawo ba. Ta haka aka mayar da dubban talakawa abokan tarayya a cikin laifin.

A daren 9 ga Nuwamban 1938 zuwa wayewar gari aka saki 'yan banga a Jamus da Ostiriya. Suka ƙone ɗaruruwan majami'u, suka farfasa dubban kantuna, 'yan kwana-kwana na tsaye suna kare gine-ginen maƙwabta kawai. An kashe aƙalla mutum 91, aka kama maza wajen 30,000. Bayan haka gwamnati ta ci Yahudawan tarar mak biliyan ɗaya, wai su suka jawo ɓarnar. Irin wannan farmaki na gayya a kan unguwar tsiraru, hukuma na kallo ko tana zugawa, shi ake kira fogrom, kuma an sha yin sa a Rasha tun 1881.

Rufaffun ƙofofi

Ana yawan tambaya, me ya hana su gudu? Sun nemi gudun. A Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan batun 'yan gudun hijira, kusan dukkansu suka nuna juyayi, suka ƙi ƙara adadin waɗanda za su karɓa. A Mayun 1939 jirgin ruwa mai suna St. Louis ya tashi daga Hambog da fasinja 937. Kyuba ta hana mafi yawansu sauka, Amurka da Kanada suka ƙi karɓarsu, jirgin ya koma Turai. Mutum 254 daga cikinsu an kashe su daga baya.

Geto

Asalin geto unguwa ce da aka keɓe wa Yahudawa a Benis ta Italiya a 1516, ana kulle ƙofofinta da dare. 'Yan Nazi sun farfaɗo da tsarin a Folan, inda Yahudawa suka haura miliyan 3. A Nuwamban 1940 aka rufe geton Waso da katanga, aka cusa mutum fiye da 400,000 a filin da bai kai murabba'in kilomita huɗu ba. Mu mutanen birni mun san ganuwa a matsayin kariya daga mahara. Wannan katanga an gina ta ne don a hana abinci shiga. Rabon da aka yanka wa mutum bai isa ya riƙe rai ba, ƙananan yara ke sulalewa ta ramukan katanga su samo dankali su ɓoye a cikin riga, wanda aka kama a harbe shi. Yunwa da zazzaɓin ƙwarƙwata sun kashe fiye da 80,000 kafin a fara kwasar mutane. Jamusawa suka kuma naɗa majalisar Yahudawa a kowane geto, suka ɗora mata rabon abinci da fitar da sunayen waɗanda za a tafi da su. Shugaban ta Waso, Adam Czerniakow, ya kashe kansa a Yulin 1942 da aka nemi ya miƙa mutane har da yara.

A cikin wannan ƙunci wani malamin tarihi, Emanuel Ringelblum, ya tara marubuta a asirce suna rubuta abin da ke faruwa kullum. Suka tara wasiƙu, da katin rabon abinci, da rubutun 'yan makaranta, suka zuba a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne a ƙarƙashin gine-gine. An kashe shi a 1944. An tono kashi ɗaya na takardun a 1946, wani a 1950. Ranar 19 ga Afrilun 1943 kuma samari da 'yan matan geton suka ɗauki 'yan bindigogin da suka samu, suka yi kusan wata guda suna fafatawa da sojan Jamus.

Maganin Ƙarshe da sansanoni

Da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet a Yunin 1941, rundunoni na musamman suka biyo bayan soja, aikinsu tara Yahudawan gari a kai su bakin rami a harbe. A kwarin Babi Yar kusa da Kiyef, ranakun 29 da 30 ga Satumban 1941, sun harbe mutum 33,771. Su da kansu suka rubuta adadin suka aika Balin.

Ranar 20 ga Janairun 1942 manyan jami'ai 15 suka zauna a wani gida a bakin tafkin Wansi, a gefen Balin, ƙarƙashin Reinhard Heydrich. Takwas daga cikinsu na da digirin dakta. Adolf Eichmann ya shirya takardun, da jerin ƙasashe da adadin Yahudawan kowace, jimilla miliyan 11, har da na Ingila da Turkiyya da ba su shiga hannunsu ba. Sunan shirin Maganin Ƙarshe na Matsalar Yahudawa. A takardunsu ba a rubuta kisa. Kwasar mutane zuwa mahalaka sunanta sake matsuguni a gabas, kisan kansa sunansa kulawa ta musamman. Wannan lafazi ya sauƙaƙa wa akawu da ma'aikacin jirgin ƙasa su yi aikinsu su koma gida su ci abinci da iyalinsu.

Sansanonin iri uku ne. Akwai sansanin gwale-gwale, kamar Dachau da aka buɗe tun Maris 1933 don tsare 'yan adawa. Akwai sansanin aikin tilas, inda manyan kamfanoni ke hayar fursunoni har ƙarfinsu ya ƙare. Sai sansanin kisa, wanda ba a gina shi don a zauna ba: Chelmno, Belzec, Sobibor, Treblinka, da sassan Majdanek da Aushwis, duk a ƙasar Folan da aka mamaye. Ana kawo mutane a taragon dabbobi, kwana da kwanaki ba ruwa. A Aushwis likita ke tsayawa a bakin layin dogo yana nuni da hannu, masu ƙarfi gefe guda, tsofaffi da yara da masu goyo ɗaya gefen. A ce musu za su yi wanka, a rufe ƙofa, a saki iskar guba. An kashe kimanin mutum miliyan 1.1 a can, wajen miliyan ɗaya Yahudawa. A Treblinka kusan 900,000. Daga Mayu zuwa Yulin 1944 kaɗai an kwaso kimanin 437,000 daga Hangari.

Wutar ba ta tsaya kan Yahudawa ba. An kashe naƙasassun Jamus tun daga 1939, da dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilar Roma masu yawo, da fursunonin yaƙin Sobiyet wajen miliyan 3. A 1937 an yi wa ɗaruruwan yaran Jamus da iyayensu maza sojojin Afirka ne aikin hana haihuwa da ƙarfi. A Yunin 1940, a Chasselay kusa da Liyon, sojan Jamus sun ware baƙaƙen sojojin Afirka ta Yamma daga cikin fursunonin Faransa suka bindige su.

Abin ya iso bakin Sahara

Bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, Marshal Pétain ya kafa gwamnati a garin Vishi. Ranar 3 ga Oktoban 1940 ta yi tata dokar ware Yahudawa, bayan kwana huɗu ta ƙwace wa Yahudawan Aljeriya fiye da 100,000 zama 'yan ƙasa. Gwamna Félix Éboué na Chadi ya bi Janar de Gaulle mai adawa da Vishi, amma Gwamna Janar Pierre Boisson na Dakar ya tsaya tare da Vishi har Nuwamban 1942, kuma Nijar na ƙarƙashinsa. Yahudawan Afirka ta Yamma ta Faransa 'yan ƙalilan ne ƙwarai, duk da haka sai da aka ƙidaya su dokar ta hau kansu.

A 1941 gwamnatin Vishi ta tayar da aikin shimfiɗa layin dogo da zai ratsa Sahara daga Bahar Rum zuwa Kogin Kwara. A sansanonin Bou Arfa da Berguent a Maroko, da Colomb-Béchar da Kenadsa a Aljeriya, aka sa fursunoni, ciki har da Yahudawan da suka gudo daga Turai da 'yan gudun hijirar Sifen, suna fasa dutse da haƙar kwal a cikin zafin hamada. A Tunusiya, wadda Jamus ta mamaye daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943, an kai Yahudawa wajen 5,000 aikin tilas. A Libiya, Italiya ta kwashe kimanin 2,600 daga yankin Bangazi zuwa sansanin Jadu a kudu da Tarabulus, fiye da 500 suka mutu da yunwa da zazzaɓi. Mun san Tarabulus, ita ce ƙarshen hanyar fataken Kano ta Gadamas. Saul Raccah, wanda ya yi suna a cinikin gyaɗa a Kano, daga Yahudawan Tarabulus ya fito.

Masu hannu, 'yan kallo da masu ceto

Masana sun kasa mutanen wancan zamani kashi-kashi. Akwai waɗanda suka yi kisan. Akwai masu taya su, kamar 'yan sandan Faransa da suka kama Yahudawa kusan 13,000 a Paris a Yulin 1942. A cikin masu haɗa kai da Jamus dole a ambaci Muftin Ƙudus, Alhaji Amin al-Husaini, wanda ya gana da Hitila a Nuwamban 1941 ya kuma yi musu farfaganda a rediyo. Akwai 'yan kallo, su ne mafi yawa, waɗanda suka ga an fita da maƙwabci suka ja labule.

Sai masu ceto, kuma akwai Musulmi a cikinsu. Dakta Muhammad Hilmi, likita ɗan Masar mazaunin Balin, ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya, Anna Boros, daga 1942 har yaƙi ya ƙare. Khalid Abdul-Wahab ya ɓoye iyalai a gonarsa kusa da Mahdiyya a Tunusiya. Salahuddin Ulkumen, ƙaramin jakadan Turkiyya a tsibirin Rodos, ya kuɓutar da mutum wajen 50 a 1944. A Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, al'adar riƙon amanar baƙo ta sa Yahudawan ƙasar sun fi yawa a ƙarshen yaƙi fiye da farkonsa. Waɗannan mutane sun san hukuncin wanda aka kama, suka zaɓi su buɗe ƙofa.

Kisan ƙare dangi, shari'a da musu

Sojan Sobiyet sun shiga Aushwis ranar 27 ga Janairun 1945, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2005 don tunawa. A shari'ar Nurembag ta 1945 zuwa 1946 an yanke wa mutum 12 hukuncin kisa, aka kuma kafa ƙa'idar cewa umurnin na gaba ba ya wanke mai laifi. An rataye Streicher, wanda makaminsa jarida ce. Wani lauya Bayahuden Folan, Raphael Lemkin, wanda aka kashe masa dangi da yawa, shi ya tsara ma'anar kisan ƙare dangi a 1944: aikata kisa ko makamancinsa da niyyar shafe wata al'umma, ko wani sashe nata, saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko ƙasa. Da naciyarsa aka amince da yarjejeniyar hana shi ranar 9 ga Disamban 1948. Da wannan ma'ana aka hukunta masu kisan Ruwanda na 1994, da waɗanda suka kashe Musulmi fiye da 8,000 a Srebrenica a 1995. Da ita Gambiya ta kai ƙarar Bama kan Rohingya a 2019, da ita Afirka ta Kudu ta kai ƙarar Isra'ila kan Gaza a Disamban 2023.

Masu musu suna cewa ba a yi ba, ko an ƙara gishiri. Hujjojin da ke ƙaryata su daga Jamusawan suka fito: rahotannin rundunonin harbi, jadawalin jiragen ƙasa, iƙirarin Rudolf Höss kwamandan Aushwis, da wayar da wani jami'i mai suna Höfle ya buga a Janairun 1943, wadda Ingila ta tare, mai nuna mutum 1,274,166 da aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942. Wanda ya musanta wannan ya raunana dokar da 'yan'uwansa ke kai ƙara da ita a yau.

Rabonmu a ciki

Ban ce abin da ke faruwa a ƙasarmu daidai yake da na Jamus ba. Amma matakan farko mun san su. Mun san kashe-kashen 1966, da Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Jos a 2001, da Yelwan Shendam a 2004, da mafarautan Arewa 16 da aka kashe a Uromi a 2025. An kashe mu saboda sunanmu da kamanninmu, an kuma kashe wasu a garuruwanmu saboda nasu. Muna jin yadda ake ɗora laifin ɗan bindiga a kan duk Bafulatani, laifin ɗan ta'adda a kan duk Musulmi, laifin mutum guda a kan duk Kirista ko duk ɗan ƙabilar Ibo. Muna ganin yadda takardar shaidar asali ke raba ɗan ƙasa da baƙo a garin da aka haifi kakansa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Ɗalibai, kada ku tura saƙon da ke kiran wata al'umma da sunan dabba ko cuta, kuma ku tambayi asalin duk labarin da ya iso wayarku kamar yadda ake tambayar isnadi. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku, a riƙa bambance mana tsakanin azzalumi da danginsa a wa'azi da huɗuba, a koya mana hukuncin amana da haƙƙin maƙwabci ko da ba addininmu ɗaya ba. 'Yan kasuwa da ma'aikata, kada a sayi kayan da aka wawuso a rikici, kada a sa hannu a takardar da za ta cuci wani saboda asalinsa. Iyaye da masu unguwanni, a yanke shawara tun ana zaman lafiya cewa duk wanda ya shigo gidanmu neman tsira ya tsira, a kuma sanar da 'ya'yanmu haka.

Allah Ya tsare mu daga yin zalunci, Ya tsare mu daga a zalunce mu, Ya kawo wa waɗanda ake zalunta a Falasɗinu da Sudan da ƙauyukanmu da ko'ina mafita, Ya zaunar da Zazzau da Nijeriya lafiya.